Tukunyar Oksijin: Yadda Ake Gane Ta, Daga Ƙarƙashin Teku Zuwa Ɗakin Haihuwa

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakin haihuwa, ko ta leƙa sashen jarirai inda ake sa bakwaini a kwalba, ta ga wasu dogayen tukwane na ƙarfe jingine da bango, an ɗaure su da sarƙa, kowace da agogo a kanta da siririn tiyo. Yawancin mutane duk oksijin suke ce musu. Wasu kam oksijin ɗin ne. Wasu kuwa abin da ke cikinsu daban ne, kuma in aka sa wa jariri ko mai naƙuda da sunan oksijin, 'yan mintoci sun isa a yi asarar rai.

Kada ku ce wannan ai aikin likita ne da nas. Akwai daren da za a iya ce wa maigida ya fita ya nemo oksijin saboda na asibitin ya ƙare. Akwai ranar da za a ɗauko mai naƙuda daga ƙaramin asibiti zuwa babba, da tukunya a bayan mota, ba kowa kusa da ita sai uwa ko ƙanwar miji. A irin wannan rana ido da hannun da ke kan tukunyar naku ne.

Kafin mu zo kan tukwanen asibiti, za mu ɗan kai ku wajen mutanen da suka fi kowa taka-tsantsan da tukunyar iska, wato masu nutso cikin teku da tukwane a bayansu. Su ma oksijin suke shaƙa, kuma dabarun da suka fito da su don kada su shaƙi abin da ba shi ba, bayan sun rasa 'yan'uwansu da dama, su ne za su sauƙaƙa muku fahimtar abin da muke so ku riƙe.

Abin da ke faruwa da jiki a ƙarƙashin ruwa

Iskar da muke shaƙa kullum a gauraye take. Kashi 21 cikin 100 oksijin ne, kashi 78 naitrojin, ɗan abin da ya rage kuma wasu nau'o'in iska ne. Oksijin shi ne jiki ke aiki da shi. Naitrojin shiga yake yi ya fita, bai tsinana komai ba. Amma a ƙarƙashin ruwa lamarin ya sha bamban. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wato a zurfin mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 40 ya ninka biyar. Wannan matsi shi ke tura naitrojin ya narke cikin jini da tsoka da kitse. In mai nutso ya taso a hankali, naitrojin ɗin zai riƙa fita ta huhu. In ya taso da gaggawa, sai ya yi kumfa a cikin jini, kamar dai yadda lemon kwalba ke yi in an girgiza shi aka buɗe. Kumfar nan kan kawo matsanancin ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar ƙafafu, ko mutuwa.

Wataƙila wasunku sun tuna labarin Harrison Okene, kukun wani jirgin ruwa da ya kife a tekun kudancin Nijeriya a watan Mayu na 2013. Ya yi wajen awa 60 a cikin ɗan wani lungu na jirgin da iska ta maƙale, a zurfin kimanin mita 30. Da masu nutso suka gano shi da rai, ba su yi sama da shi kai tsaye ba, don jikinsa ya riga ya sha naitrojin ya ƙoshi. Sai da aka sa shi a wani rufaffen ɗaki na ƙarfe ana rage matsin sannu a hankali, fiye da kwana biyu, kafin ya fito ya shaƙi iskar waje. Tun a 1908 wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Scott Haldane ya fitar da jadawalin farko na yadda mai nutso zai riƙa tsayawa mataki-mataki a hanyarsa ta tasowa.

Masu nutso don shaƙatawa ba sa wuce mita 40. Amma akwai ƙwararru da ke wuce haka nesa, a wurare irin su garin Dahab na ƙasar Masar da ke gaɓar Bahar Maliya, da kogwannin da ruwa ya cika a jihar Fulorida ta Amurka. Irin waɗannan ba tukunya ɗaya suke ɗauka ba. Biyu a baya, biyu ko uku rataye a gefe, kowace da irin haɗin iskar da ke cikinta. Wadda za su shaƙa a can ƙasa an rage mata oksijin, an haɗa ta da wata iska mara nauyi da ake kira hiliyom. Waɗanda za su shaƙa a hanyar dawowa kuwa oksijin ɗinsu na da yawa, domin shi ke hanzarta korar naitrojin daga jiki. Akan ɗauki ɗaya mai kashi 50 cikin 100, da wata kuma zallar oksijin.

To a nan haɗarin yake. Tun a 1878 wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya nuna cewa oksijin in ya haɗu da matsi mai yawa yakan zama guba ga ƙwaƙwalwa, ya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai farfaɗiya a tudu yakan faɗi ya farfaɗo. A cikin ruwa kuwa abin shaƙar zai suɓuce daga bakinsa, ruwa ya shige shi, kuma sau da yawa jijjigar ba ta yin sallama. Saboda haka zallar oksijin ba a shaƙarsa a wurin da ya wuce zurfin mita 6, mai kashi 50 kuma iyakarsa mita 21. Wanda ya yi kuskure ya sa tiyon tukunyar mita 6 a baki alhali yana mita 40, ya shaƙi fiye da ninki uku na abin da aka amince jiki ya ɗauka. Haka ma ta ɗaya ɓangaren: haɗin da aka yi don can ƙasa sosai, in aka shaƙe shi a saman ruwa, oksijin ɗinsa bai isa ya riƙe mutum ba, sumewa zai yi.

Yaya suke kauce wa wannan? Abu na farko, ba sa dogara da launi. Ruwa yana cinye launi. Ja kan koma kamar baƙi tun kafin a kai mita 10, a cikin kogo kuwa ba haske sai na tocila. Abin da suke yi shi ne su rubuta lamba da manyan haruffa a jikin tukunyar, ta gefen da mai ita zai gani da gefen da abokin tafiyarsa zai gani. Lambar ita ce iyakar zurfin da za a shaƙi iskar, 6 ko 21, ba wani dogon bayani da za a tsaya fassarawa. Sannan ba sa yarda da rubutun shi kaɗai. Kafin a shiga ruwa, mai tukunya da kansa zai sa na'urar awon oksijin a bakinta, ya ga kashi nawa ta nuna, ya rubuta a ɗan salatif tare da kwanan wata da sunansa, ya manna a wuyanta. Ko da amininsa ne ya cika masa ita, sai ya auna. Tukunyar da ba rubutu a jikinta, ko wadda ba a auna ba, ba ta shiga ruwa.

In lokacin sauya tukunya ya yi, ba ya fizgo tiyo kawai ya sa a baki. Zai duba lambar, ya duba agogon zurfin da ke hannunsa, ya bi tiyon da yatsa daga bakinsa har zuwa kan tukunyar don ya tabbata nata ne, ya nuna wa abokinsa. Sai abokin ya ba shi alama sannan ya shaƙa. Tukwanen da lokacinsu bai yi ba kuwa a rufe suke, yadda ko an sa tiyonsu a baki bisa kuskure, numfashi ɗaya ko biyu iskar za ta ɗauke.

Tunda mun zo nan, bari mu faɗa wa 'yan'uwanmu mata da ke fita ƙasashen waje: mai ciki ba ta yin irin wannan nutso, ko a ruwa mara zurfi ne. Huhun babba yana tace ƙananan kumfa kafin su isa ƙwaƙwalwa. Ɗan da ke ciki kuwa yawancin jininsa kewaye huhun yake yi, don ta mabiyiya yake samun oksijin, ba shi da wannan matacin. Iyo na yau da kullum ba ya cikin wannan hani.

Mu dawo asibiti

Tukwanen asibiti suna da launi, kuma yana da kyau ku san shi. A tsarin da muka gada daga Ingila, tukunyar oksijin baƙa ce, kafaɗarta fara; kafaɗa ita ce wajen da ta fara tsukewa zuwa wuya. Shuɗiya ta naitros oksaid ce, iskar da ake amfani da ita a ɗakin tiyata wajen sa barci. Ita wannan likitan sa barci ne kawai ke ba da ita, kuma tare da oksijin, domin ita kaɗai ba ta raya mutum. A wasu asibitoci akwai Entonox, rabi oksijin rabi naitros oksaid, wanda mai naƙuda kan riƙe da hannunta ta shaƙa don rage zafi; tukunyarsa shuɗiya ce, kafaɗar an raba ta fari da shuɗi. Mai ruwan toka kuma ta kabon dayoksaid ce.

Matsalar ita ce duniya ba ta haɗu a kan launi ɗaya ba. A Amurka tukunyar oksijin koriya ce. A Turai yanzu za ku ga wadda take fara tun daga sama har ƙasa. Kasuwarmu kuwa duk tana karɓa, sabuwa da ta hannu. Ga fenti yana koɗewa, ga masu sake fenti da abin da suka samu. Oksijin ba shi da wari ba shi da launi, haka naitrojin, haka agon da masu walda ke amfani da shi, don haka hanci ba zai taimake ku ba. Launi abin da zai sa ku yi zato ne kawai. Abin da za ku nema shi ne takardar da ke manne a kafaɗar tukunyar: a ga an rubuta MEDICAL OXYGEN ko alamar O2, da sunan kamfanin da ya cika, da lambar cikon, da ranar da zai daina aiki. Bakinta kuma a same shi a liƙe da hatimin leda in sabon ciko ne. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi wanda ya iya, ba abin kunya ba ne. In takardar ta yage ko babu ita sam, a mayar da tukunyar, komai rantsuwar mai sayarwa.

Ƙananan tukwane suna da wani kariya na biyu. A bakin yawancinsu akwai ramuka biyu, a jikin abin da ake ɗaura mata kuma akwai ƙusoshi biyu, kamar makulli da kwaɗo. Na oksijin suna gurbi na 2 da na 5, na naitros oksaid suna na 3 da na 5. Kun ga rami ɗaya ne tak ya raba su. In abin ɗaurawar ya ƙi zama, yana gaya muku ne cewa wannan ba tukunyarsa ba ce. An sha samun waɗanda suka goge ƙusar ko suka cusa wasa biyu don a tilasta shi ya zauna, aka kuma yi da-na-sani. Kada ku yi, kada ku bari makaniki ya yi muku.

Sai batun oksijin ɗin masu walda, wanda mutane kan ruga wajensa in an shiga matsi, don yana kusa kuma ya fi araha. Tukunyarsa sau da yawa baƙa ce ita ma. Amma ba a wanke ta ko a kula da ita yadda ake yi wa ta asibiti, ba a san abin da ta taɓa ɗauka a baya ba, kuma kan da ake ɗaura mata ba ya auna lita nawa ke fita a minti. Oksijin na asibiti magani ne. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A saye shi inda asibiti ya nuna.

Ko rubutu ma yakan yi ƙarya in ba a gwada ba, kamar yadda masu nutso suka gane. A 2016, a wani asibiti da ke birnin Sidni na ƙasar Ostiraliya, jarirai biyu sabbin haihuwa sun buƙaci taimakon numfashi, aka jona su da bututun bango da aka rubuta wa oksijin. Ashe tun wajen aikin sa bututun an haɗa shi da layin naitros oksaid, ba a kuma yi gwajin da ya kamata ba. Ɗaya ya rasu, ɗaya ta sami mummunan lahani a ƙwaƙwalwa. Gwada bututu aikin injiniyoyin asibiti ne. Naku gwajin shi ne majinyacin da kansa, da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa, ko a ƙafar jariri, mai nuna yawan oksijin a jini. In an sa oksijin lambar ta kamata ta hau, leɓe ya washe. In kuka ga ana sawa leɓen na ƙara duhu, ko jiki na saki, ko lambar na sauka, ku ɗaga murya ku kira nas nan take. Ba wanda zai ga laifinku.

Kada a murɗa, kada a cire

Mun ga yadda oksijin ke zama guba ga mai nutso in ya yi yawa. Ga bakwaini ma haka ne, sai dai shi a ido yake taɓa shi. Daga shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, asibitocin ƙasashen da suka ci gaba sun riƙa cika kwalaben bakwaini da oksijin ba awo, da kyakkyawar niyya. Dubban jarirai suka makance. Wani likita a Boston, Theodore Terry, shi ya fara bayyana ciwon a 1942, sannan a 1951 wata likitar yara a Melbon, Kate Campbell, ta danganta shi da yawan oksijin. Jijiyoyin jinin da ke bayan idon bakwaini ba su gama tsirowa ba. Oksijin mai yawa kan tsayar da su, daga baya su tsiro barkatai su lalata gani. Mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, ta haka ya rasa idanunsa. Da aka gane, sai wasu asibitoci suka rage oksijin ɗin fiye da kima, jarirai suka riƙa mutuwa ko su sami lahanin ƙwaƙwalwa. Daga nan aka koma ga awo.

Shi ya sa za ku ga an sa wa jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa lita ɗaya kacal a minti ta ɗan tiyon hanci, kuma ga bakwaini ba a so lambar na'urar ta wuce 95 muddin yana kan oksijin. Mun sha ganin kaka ko uba, cikin tausayi, sun faki ido sun murɗa abin awon "don ya ƙara samun iska". Wasu kuma cirewa suke yi, saboda maganar da ke yawo cewa wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi. Gaskiyar ita ce waɗanda suka fi jin jiki su ake sa wa, wasunsu kuma an makara wajen kawo su. Ku bar shi inda nas ta sa shi. In za a ba da nono, yawanci ana iya bayarwa da tiyon a hanci, a tambaya. Bakwainin da ya sha oksijin kuma a tabbata likitan ido ya duba shi, yawanci wajen mako huɗu bayan haihuwa, ko da an riga an sallame ku.

In tukunya ta shigo gida ko mota

Oksijin ba ya kamawa da kansa, amma duk abin da zai ci wuta, a cikinsa yakan ci da ƙarfin da ba a saba gani ba. Zane, katifa, gidan sauro, gashin kai. A watan Afrilu na 2021 tukunyar oksijin ta yi bindiga a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, gobarar ta kashe mutum fiye da 80. Ku dubi ɗakin maijego a al'adarmu: ga kaskon garwashi don ɗumi, ga turaren wuta saboda 'yan barka, ga maganin sauro na kunnawa, ga fitilar kananzir in an ɗauke wuta. Ko ɗaya daga cikinsu kada ya kasance a ɗakin da ake amfani da oksijin. A bar taga a buɗe. Maiƙo ma abokin gaba ne: kada a shafa man gyaɗa ko giris a bakin tukunya don ya yi laushin murɗawa, wanda zai taɓa kanta ya wanke hannu ya bushe, kada kuma a shafa basilin ko man kaɗanya a hancin wanda ke kan oksijin. In hancin ya bushe, musamman da hunturu, a gaya wa nas.

Matsin da ke cikin cikakkiyar tukunya ya ninka na tayar mota fiye da sau hamsin. In ta faɗi kanta ya karye, takan tashi ta fasa bango. A ɗaure ta a tsaye a gida, a mota kuma a tokare ta yadda ba za ta yi birgima ba, kada a bar ta a rufaffiyar mota cikin rana, a kuma riƙa buɗe ta sannu-sannu.

Kafin motar da za ta kai ku babban asibiti ta tashi, a yi ɗan lissafi. Ƙaramar tukunya irin wadda aka fi ɗauka a tafiya, in ta cika, tana da kimanin lita 680. Ga jaririn da ke kan lita ɗaya a minti za ta kai awa 11. Ga mai naƙudar da aka sa wa lita 5 kuwa, awa biyu da kwata ta ƙare, in kuma allurar agogon tana tsakiya tun farko, awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan. Ku tambayi nas lita nawa aka sa, ku duba allurar da idonku, ku ƙara lokacin cunkoso da lalacewar hanya. In lissafin bai kai ba a ɗauki ta biyu, a karanta takardarta ita ma, a kuma tabbata an tafi da sufanar da ake buɗe ta da ita.